Daren da aka fara ganin duwatsu a fuskar wata



Mu dai ba baƙin wata ba ne. Da shi muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiye shi. Ranar 29 ga wata, da an yi sallar magariba, za ku ga dattawa da samari sun fita bayan gari sun zuba ido yamma, kowa na son ya zama shi ne ya fara cewa "ga shi can". Da yawanmu a farin wata muka yi wasan dandali, a farin wata kaka ta yi mana gatana. Mun san Zara matar wata, mun san dare sha huɗu. Amma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa sa ido cikin madubin hangen nesa suka dubi watan nan da kyau? Ƙalilan ne. Yau muna so mu koma baya shekara ɗari huɗu da ƴan kai, mu ga mutanen da suka fara yin haka, abin da suka gani, da rigimar da ta biyo baya. Don kuwa rigima an yi ta, kuma irin wadda muka sani ce: wani ya ce ya gani, wani ya ce ƙarya ne.

Abin ya faro ne daga shagon mai gyaran tabarau, wato lunet kamar yadda muke cewa a nan. A garin Middelburg na ƙasar Holan akwai wani mai wannan sana'a, Hans Lipperhey. A farkon watan Oktoba na 1608 ya kai wa mahukuntan ƙasar wani bututu mai gilashi biyu, ɗaya a baki ɗaya a gindi, wanda in ka duba ciki abu na nesa sai ya matso kusa kamar sau uku. Ya nemi a ba shi takardar da za ta hana kowa ƙera irinsa sai shi. Aka hana shi, saboda cikin ƴan makonni wani mutum, Jacob Metius, ya fito ya ce shi ma ya san sirrin, kuma kowa ya lura abin ba shi da wuyar kwaikwayo. Lokacin Holan na yaƙi da Sifen, saboda haka abin da ya fara zuwa wa manya a rai shi ne hango rundunar abokan gaba da jiragen ruwa tun suna nesa. Kafin watan Afrilu na 1609 har an fara sayar da shi a shagunan birnin Paris, masu kuɗi na saye suna leƙen hasumiyoyi da gidajen maƙwabta.

In aka tambayi ɗan lakwal wa ya fara duban wata da wannan abu, zai ce Galileo. Haka aka koya mana mu ma. To amma takardar da ta fi kowace tsufa, mai ɗauke da zanen wata da kwanan wata a jikinta, ta wani Bature ce ɗan Ingila, Thomas Harriot.

Shi wannan Harriot masanin lissafi ne, kuma ya sha duniya. A 1585 yana cikin ayarin da Walter Raleigh ya tura gaɓar Amurka, har ya koyi harshen mutanen wurin. Daga baya ya zauna a gidan Syon kusa da Landan, ƙarƙashin inuwar wani basarake, Henry Percy, wanda ke ba shi kuɗin ci da sha don ya yi ta bincikensa. A daren 26 ga Yuli 1609, da ƙarfe tara, wata na da kwana biyar, ya ɗaga madubinsa mai ƙara girman abu sau shida, ya duba, ya ɗauki alƙalami ya zana. Ingila a lokacin tana bin tsohuwar kalanda mai bambancin kwana goma, don haka a lissafin da muke bi yanzu 5 ga Agusta ke nan.

In kuka ga zanen za ku yi dariya. Da'ira ce, da wani layi karkatacce mai kama da tafiyar tsutsa, da ƴan tabo-tabo a sama. Bai rubuta dutse ba, bai rubuta rami ba. Mutumin ya ga abu, amma bai san me ya gani ba. Abokinsa William Lower, da ke can yankin Wales, shi ma Harriot ya aika masa da madubi, sai ya rubuto masa wasiƙa yana cewa cikakken wata ya yi masa kama da wani kek da kukunsa ya gasa masa a makon jiya, nan fari can baƙi, duk a cakuɗe. Mu da mu ne, da mun ce ya yi kama da masar da ta ƙone gefe guda.

Harriot bai buga komai ba. Ana iya fahimtar dalili: iyayen gidansa biyu, Raleigh da Percy, duk suna tsare a kurkukun Hasumiyar Landan, shi kansa an taɓa kulle shi na ɗan lokaci a 1605 bayan makircin tarwatsa majalisa da albarushi. Mutumin da ya ga haka ba ya son sunansa ya cika yawo a bakin mutane. Kuma ba ya cikin matsin kuɗi. Ya rasu a 1621, takardunsa suka kwanta cikin akwati, sai a 1784 wani masanin taurari, von Zach, ya tono su.

Galileo kuwa halinsa daban. A 1609 yana da shekara 45, yana koyar da lissafi a jami'ar Padowa da ke ƙarƙashin mulkin birnin Venis. Ga ƴaƴa uku, ga bashin kayan auren ƙannensa mata da ya faɗo a wuyansa bayan rasuwar mahaifinsu, ga albashi da ba ya kai wata. Duk wanda ya taɓa yi wa ƙanwa kayan ɗaki ya san irin wannan nauyi. Da labarin madubin Holan ya iso masa, bai tsaya jiran a kawo masa ba. Ya nemo gilashi, ɗaya mai tudu a tsakiya ɗaya mai kwarmi, ya haɗa, ya samu sau uku. Ya koyi goge gilashi da hannunsa, ya kai sau takwas. A ƙarshen Agusta ya hau da manyan Venis kan hasumiyar San Marko, ya nuna musu jiragen ruwa da ido ba zai gani ba sai bayan awa biyu. Nan take suka tabbatar masa da aikinsa har ƙarshen rayuwa, suka kusan ninka masa albashi zuwa florin 1,000 a shekara. Kun ga dai, da farko shi ma kasuwa ya ci da abin.

Sai da kaka ta yi, ya ƙera wanda ke ƙara girma sau ashirin, sannan ya juya shi sama. Masu binciken da suka bi zane-zanensa suka gwada da lissafin inuwa sun ce ya fara ne a daren 30 ga Nuwamba 1609, wata na jinjiri ɗan kwana huɗu, ya ci gaba har wajen 18 ga Disamba.

Kada ku ɗauka abin da daɗi ne. Bututun dogo ne, ya fi mita ɗaya, ƙofar ganinsa ƴar ƙarama, ba ta ɗaukar watan gaba ɗaya, sai yanki-yanki. Numfashinka ya taɓa gilashin ya yi hazo, hannunka ya motsa wata ya gudu. Ko ba ka motsa ba, watan da kansa yana zamewa daga cikin madubin saboda juyawar duniya, sai ka sake nemo shi. Ga sanyin hunturun arewacin Italiya. Jumel ɗin da ake sayarwa yau a kasuwa ya fi nasa nuna abu sarai.

To me ya gani? Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne iyakar da ke tsakanin gefen haske da gefen duhu. Da a ce wata sumul yake kamar ƙwai, da wannan iyaka ta zama layi miƙaƙƙe mai tsabta. Sai ya gan ta da tsage-tsage kamar bakin zarto. A cikin gefen haske kuma ga wasu ƴan ramuka, kowane ɗaya ɓangaren da ke wajen rana ya yi duhu, ɗaya ɓangaren ya yi haske. Abin da ya fi ba shi mamaki, can cikin gefen duhu, nesa da iyakar, sai ga wasu ɗigo-ɗigo na haske kamar an kunna fitilu. Ya zauna yana kallonsu. Bayan awa biyu ko uku sai ɗigon ya girma, ya faɗaɗa, har ya haɗe da sauran hasken.

Duk wanda ya taɓa kwana a gindin duwatsun Ayar ya san wannan. Da asuba rana takan fara taɓa ƙwanƙolin dutse, ya yi ja, alhali ku da ke cikin kwari kuna cikin duhu. Sannu a hankali hasken ya gangaro ya same ku. Da irin wannan misali Galileo ya fassara abin: ɗigon nan kawunan duwatsu ne da rana ta fito musu kafin ta fito wa kwarin da ke ƙarƙashinsu. Ramukan kuma ramuka ne na gaske, bangonsu ne ke jefa inuwa a ciki.

A nan ne bambancinsa da Harriot yake, kuma a ganinmu ba ƙarfin madubi kaɗai ba ne. Galileo ya tashi a Florans, garin masu zane, ya koyi yadda ake nuna tudu da kwari a kan takarda da haske da inuwa, babban abokinsa Cigoli ma mai zane ne. Idonsa ya saba karanta inuwa kamar yadda idon mafarauci ya saba karanta sawu. Ku da shi za ku tsaya wuri ɗaya, ku ga ƙasa kawai, shi ya ce barewa ta wuce nan da hantsi. Shaida kuwa ita ce, bayan littafin Galileo ya isa Ingila, Harriot ya koma ya dubi wata a damanar 1610, sai ga ramuka sun fito a zanensa. Lower ma ya amsa cewa ya daɗe yana ganin tabon nan, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa inuwa ce ba.

Galileo bai tsaya ga kallo ba, sai da ya auna. Ya kimanta nisan ɗaya daga cikin ɗigon nan daga iyakar haske, ya ga ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin wata. Da wannan, da lissafin kusurwa irin wanda ake koya wa yara a kwaleji, ya fitar da cewa tsawon dutsen ya haura mil huɗu na Italiya, wato wajen kilomita shida ko fiye. Ku gwada da dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, Idukal-n-Tages na Bagzan, mai mita 2,022. Ya ɗan zarce, amma ba da nisa ba, don a yau an san akwai duwatsun wata masu kilomita biyar. Inda ya yi kuskure sosai shi ne da ya ce duwatsun duniya ba sa kai ko mil ɗaya. Bai san labarin Himalaya ba, kuma ko na Alp da ke bayan gidansa bai auna su daidai ba. Ya kuma zaci akwai iska mai kauri kewaye da wata, alhali babu.

Akwai wani abu da ya bayyana wanda mu masu duban jinjirin wata mun san shi sarai. A kwana biyu ko uku na farko, ban da lauje mai haske, akan ga sauran jikin watan yana ɗan haske dishi-dishi kamar toka. Mutanen da sun yi ta gardama a kai, wasu su ce hasken watan ne na kansa, wasu su ce daga Zara yake. Galileo ya ce a'a, daga wurinmu yake. Rana ta haska duniya, duniya ta mayar wa wata, kamar yadda shi ma yake mayar mana a dare sha huɗu. Ashe mu ma farin wata ne ga wata.

A ranar 7 ga Janairu 1610 ya juya madubin wajen Mushtari, ya ga ƴan taurari uku kusa da shi, bayan kwana shida ya ga na huɗu, ya gane kewaya shi suke. Sai ya yi sauri. A tsakiyar Maris ya fitar da ɗan ƙaramin littafi da Latin a Venis, Sidereus Nuncius, ma'ana manzon taurari ko saƙon taurari. An buga 550, cikin mako guda suka ƙare. Jakadan Ingila a Venis, Henry Wotton, ya aika wa sarkinsa kwafi tun ranar da ya fito, yana cewa marubucin ko dai ya yi suna ƙwarai ko ya zama abin dariya ƙwarai. Watannin Mushtari kuwa Galileo ya raɗa musu sunan gidan sarautar Medici, kuma kafin shekara ta ƙare ya samu aiki a fadar Cosimo na biyu a Florans, ya huta da koyarwa. Mutumin ya iya allonsa.

Me ya sa ƴan ramuka a jikin wata suka tayar da ƙura haka? Saboda kusan shekara dubu biyu ana koyar da maganar Aristot cewa halitta kashi biyu ce. Daga wata zuwa ƙasa, wurin lalacewa da canji. Daga wata zuwa sama, komai cikakke ne, sumul, an yi shi da wani sinadari da babu irinsa a nan. Tabon da kowa ke gani da ido a fuskar wata ya daɗe yana damun masana. Wasu sun ce wata madubi ne, hoton tekuna da ƙasashen duniya ne ke fitowa a jikinsa. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara 600 kafin Galileo, ya rubuta risala guda a kan wannan tabo, ya rushe maganar madubi, ya nuna cewa tabon a jikin watan yake tunda ba ya canza wuri ko siffa. Amma cewa wata ƙasa ce mai tudu da kwari irin tamu, wannan in an yarda da shi, katangar da ke tsakanin sama da ƙasa ta faɗi. In kuwa wata kamar duniya yake kuma yana yawo a sarari, me zai hana duniya ita ma ta yi yawo?

Saboda haka aka ƙi. Cesare Cremonini, babban malamin falsafa a Padowa kuma abokin Galileo, ya ƙi ko sa idonsa a madubin. A watan Afrilu 1610 Galileo ya kai madubinsa Bolonya, gidan masanin taurari Magini, aka tara malamai fiye da ashirin don su ga watannin Mushtari. Aka watse ba wanda ya gamsu. Wani ɗalibi, Martin Horky, ya baza labari cewa abin yana aiki a ƙasa amma a sama yaudara yake.

A nan ya kamata mu yi musu adalci. Mu da muke jin labarin yanzu muna iya cewa taurin kai ne kawai, amma tambayarsu tana da tushe. Gilashin wancan zamani yana da kumfa a ciki, yana sa wa abu launin bakan gizo a gefe, wani lokaci tauraro ɗaya ya zama biyu. In ka hangi hasumiya da shi, kana iya takawa ka je ka tabbatar. Wata fa, wa zai je? Kuma babu wanda ya iya bayyana dalla-dalla yadda gilashin ke aiki, sai da Kepler ya rubuta littafi a kai a 1611. Mu ma nan, duk shekara in azumi ko salla ta gabato, maganar takan taso a majalisu da gidajen rediyo: shaidar wa za a karɓa, ta ido tsirara, ko ta na'ura, ko ta lissafi? Wannan hukunci na malamai ne, ba namu ba. Muna dai cewa wanda ya taɓa zama cikin irin wannan gardama ba zai raina mutanen Bolonya ba.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne Lodovico delle Colombe na Florans. Ya ce to, ya yarda akwai duwatsu, amma duk watan a lulluɓe yake da wani ƙarau garai-garai da ido ba ya gani, wanda ya cike ramukan ya mayar da shi sumul. Galileo ya ce madalla, ya yarda, da sharaɗin a bar shi shi ma ya ce a kan wannan ƙarau akwai wasu duwatsun na ƙarau da ba a gani, waɗanda suka ninka na farko tsawo.

Abin da ya kashe gardamar shi ne yawaitar madubai. Kepler ya samu aron ɗaya a Prag a ƙarshen damanar 1610, ya ga watannin Mushtari, ya rubuta shaida. Malaman lissafi na kwalejin ƴan Jesuit a Roma suka ƙera nasu suka gani. A 1611 Kardinal Bellarmino ya tambaye su a rubuce, suka tabbatar da abin da Galileo ya faɗa, sai dai babbansu, tsoho Clavius, ya tsaya a kan cewa wataƙila ba duwatsu ba ne, jikin watan ne wani wuri ya fi wani kauri. A 1612 Cigoli ya zana Maryamu a rufin wata babbar majami'a ta Roma, tsaye a kan wata mai ramuka irin na abokinsa, kuma ba wanda ya sa aka goge. Shari'ar da aka yi wa Galileo a 1633, wadda ta sa ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida, a kan juyawar duniya ce, ba a kan duwatsun wata ba. Ya makance kafin ya rasu a 1642.

Sunayen da ke kan taswirar wata yau, yawancin manyan daga Riccioli suka fito, wani malamin Jesuit da ya buga taswira a 1651. Filayen nan masu duhu ya bi masu kiransu tekuna, ko da yake babu ko ɗigon ruwa a cikinsu, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare. A ɗaya daga cikinsu, Tekun Natsuwa, ƴan sama-jannatin Apollo 11 suka sauka ranar 20 ga Yuli 1969, shekara 360 bayan zanen Harriot. Ramukan kuma ya ba su sunayen masana, kuma bai manta da na ƙasashen Musulmi ba: akwai Albategnius wato Al-Battani, akwai Arzachel wato Az-Zarƙali na Andalus, akwai Alfraganus wato Al-Fargani. Babban ramin nan da Galileo ya zana a tsakiyar wata, ya kwatanta shi da ƙasar Bohemiya da duwatsu suka kewaye, masu bincike da yawa na ganin shi ne na Al-Battani. Daga baya, a 1976, aka sa wa wani ƙaramin rami sunan Ibn Battuta, matafiyin da ya sauka Takadda a yankin Ayar a 1353. Ke nan akwai rami a wata mai sunan mutumin da ya taka ƙasarmu ya sha ruwanta.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ga shawara. Kada ku jira dare sha huɗu, don a ranar rana na dukan watan tsaye, babu inuwa, sai fari fat mai kashe ido, irin kek ɗin Lower. Ku fita a daren bakwai ko takwas ga wata, bayan magariba, lokacin da ya yi rabi. Ko jumel kuka samu ya isa. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don kada ya yi rawa, ku dubi daidai iyakar haske da duhu. Daren da aka yi ruwa sama ta wanke ya fi na lokacin hazon hunturu. In kun ga ɗigon haske a cikin duhun, ku riƙe wurinsa, ku je ku yi isha'i ku ci tuwo, ku dawo ku sake dubawa. Sai dai ku ja wa yara kunne sosai: wannan abu ba a duban rana da shi ko na ƙiftawa ɗaya, yana ƙone ido.

Wanda ya gwada ya ba mu labari, ya faɗi garinsu da daren nawa ga wata ne.